Tsohuwar rikoda mai faifai biyu: tambayoyi da amsoshi kan gyaranta da kula da ita

Jama'a Assalamu alaikum. Waɗannan tambayoyin sune ake ta maimaita min akan tsofaffin rikodojin nan masu faifai biyu a fili, irin su Akai da Sony da Grundig da Revox da iyayenmu suka bari a sito ko saman wadirof, shine nace bari in haɗa su waje ɗaya. Abu ɗaya zan faɗa tun farko, yawancin injinan nan ba mutuwa suka yi ba, zama ne ya daskarar da su, kuma tef ɗin da ke kai yafi injin daraja nesa ba kusa ba, domin injin in ya lalace za a samu wani amma muryar da ke kan tef in ta goge ta tafi kenan.

Malam na tsinci rikodar Babanmu a sito, in jona ta a wuta in gani ko tana aiki?

A'a dan Allah kar ka jona tukuna. Fara kwance murfin baya ka leƙa da tocila. Abinda ya shekara 30 ko 40 a sito a garin nan na Kaduna ba ka san waye ya tare a ciki ba, kyankyasai, kashin ɓera, wani lokacin zanzaro yayi gininsa a jikin moto, ga ƙurar hunturu ta shekara da shekaru. Ɓera kuma wayoyi yake ci, in ya fere wayar wuta ka jona ai sai dai ka ji ƙauri. Ka share da busasshen burushin fenti, ka juya moto da fulawil, wato ƙarfen nan mai zagaye da nauyi da bel yake juyawa, da yatsa ka ji ko suna juyawa ko sun kafe, in moto a kafe yake ka bashi wuta minti kaɗan zai ƙone koyil ɗinsa.

Sai ka duba baya wajen da aka rubuta wutar da take ci. Wutar Najeriya 230V ce 50Hz, ta Amurka 120V, ta Japan 100V. Yawancin na Japan da aka yi don fitarwa waje suna da wani ɗan filogi ko makunni da ake juyawa a zaɓi 110 ko 220 ko 240, ka tabbata yana kan 220 ko 240. Ka ciro fis ɗin ma ka gani, in ka tarar an naɗe shi da waya ko takardar sigari toh wani ya riga ka taɓa ta, ka sa fis mai lambar da aka rubuta.

Dabarar masu gyaran rediyo na da itace a sa ƙwan fitila mai filamen na wat 60 ko 100 a tsakanin soket da injin, wato wutar ta ratsa ta cikin ƙwan kafin ta shiga. In ƙwan yayi haske ya dushe lafiya lau, in ya tsaya da haske tar akwai shot a ciki, sai ka kashe. Ƙwan LED ko enaji seba baya yin wannan aikin, sai tsohon ƙwai mai zafi.

Na kunna ta tana aiki sai ga hayaƙi da wari, ta ƙone kenan?

In Revox ce, musamman A77 ɗin nan da aka fara yi a 1967, sau da yawa ba wani abin tashin hankali bane. Akwai wasu ƙananan kafasita na kamfanin Rifa masu launin ruwan zuma da suke tsattsagewa in sun tsufa, danshi ya shiga, sai su fashe da hayaƙi mai wari ya cika ɗaki. A cire su duka a sa sababbi masu alamar X2 masu lamba ɗaya, shikenan. Ni ra'ayina duk mai Revox ya canza su tun kafin ya fara kunnawa, ba sai sun yi masa hayaƙi ba. Amma in warin daga taransifoma yake fitowa kuma tayi zafin da ba ka iya ɗora hannu, wannan magana ce babba, kashe ka kai wa mai gyara.

Kuma in taka mai bawul ce, wato irin tsofaffin Grundig da Akai M-8 masu kwalaben nan da suke ja in sun yi zafi, ka sani akwai wuta sama da 250V a ciki kuma kafasita tana riƙe ta ko bayan ka zare filogi. Kar ka sa hannu in ba ka san aikin ba.

Moto na juyawa ina jin ƙararsa amma faifan baya motsi, ko kuma in danna fule, wato maɓallin saurare, tef ɗin ya tsaya cak

Wannan itace matsala ta ɗaya, kuma kusan kullum ɗayan abu uku ne, bel ko giris ko tayar roba.

Bel ɗin roba ne, in ya tsufa ko ya saki ya zama lagwai ko ya tsinke, na Philips da Grundig da wasu TEAC kuma narkewa yake ya zama baƙin danƙo mai kama hannu, in ya taɓa riga ba ya fita. Sai ka kankare da tsinke ka goge da auduga da sifirit har sai fulawil ɗin yayi ƙal, in ka bar ko kaɗan sabon bel zai kwashe shi. Wajen neman sabo kar ka auna da tsohon da ya riga ya saki, ka zagaya zare ta hanyar da bel ɗin yake bi ka auna tsawon sai ka rage kamar kashi 5 cikin 100, in mai faɗi ne ka nemi mai faɗi in mai kusurwa huɗu ne haka. Wanda yayi tsauri da yawa yana cinye bushin ɗin moto. Robar ɗaure kuɗi kuwa ko a gwaji bana so.

Giris shine wanda mutane basa zata. Girisin da aka sa a masana'anta shekara 50 da suka wuce ya bushe ya zama gam, shine zaka danna maɓalli ka ga robar nan mai zagaye da ke matse tef a jikin ɗan sandan ƙarfe mai juyawa, wato rola da kafstan, tana tasowa a hankali ko ma taƙi tasowa sam. TEAC da Sony sun yi suna a wannan. Maganinsa ba feshi bane, sai an kwance hannun rolar an wanke tsohon girisin da sifirit an shafa sabo ɗan kaɗan, in yaƙi fita a ɗan hura masa zafi da dirayar gashi zai saki. Kar ka sa ƙarfi. Wasu tsofaffin Akai masu moto ɗaya, ƙarfen da ke bayan makunnin fule da riwain ɗinsu na zubi ne mai rauni, da kansa ma yake fashewa in ya tsufa balle ka murɗa da ƙarfi, in ya ruguje kuma samunsa aiki ne.

Tayoyin roba na ciki da suke ɗauko juyi daga moto su kai wa faifai, su kuma santsi suke yi. A goge da sifirit a ɗan murza bakin da sanfefa mai laushi sosai, in robar ta tsage sai canji.

Wane mai zan sa mata? Akwai WD-40 a gida

Ajiye shi. Yana bin ko'ina ya hau bel da birki da rola, daga nan komai ya dinga zamewa, gyaran gangar Abzinawa kenan. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya ko biyu a bushin ɗin moto da na kafstan ya isa, ka goge duk wanda ya malalo. Banda baƙin mai, banda man gyaɗa.

Muryar tana fita a dishe kamar an rufe sifika da bargo

Fara da wanke hed, wato ƙananan ƙarafan nan da tef yake gogar fuskarsu masu ɗaukar murya da karanta ta, kafin ka zargi komai. Ka cire murfin gaba zaka ga hed biyu ko uku a jere, na gogewa, na ɗauka, na saurare. Auduga mai tsinke ka tsoma a sifirit ɗin aisofurofil mai ƙarfi kashi 90 zuwa sama, ana samu wajen masu saida kayan gyaran waya da kayan lab, ka goge hed ɗin da duk ƙarfen da tef yake gogar jikinsa da kafstan, ka dinga canza auduga har ta daina fitowa da ruwan ƙasa. Ka bari ya bushe. Ita rolar roba ruwa da ɗan sabulu yafi mata, sifirit kullum yana busar da roba. Kar ka kankare hed da reza ko sukundireba ko da dattin ya kafe, ka jiƙa ka jira.

In ka wanke bata washe ba duba ko tef ɗin a juye yake. Gefen da aka shafa maganin ɗaukar murya shine yake kallon hed. A tsofaffin tef wannan gefen shine mara ƙyalli, amma tef na 1970 da wani abu zuwa sama da yawa an shafa musu baƙin abu mara ƙyalli a baya, kaga anan ake ruɗewa, a irinsu ruwan ƙasan mai sheƙi shine gaba baƙin shine baya.

Sai kuma lalacewar hed ɗin kansa. Ka ja farce a hankali a fuskarsa, in ka ji rami mai baki inda tef ya ci toh ya sha aiki. Akwai masu goge shi ya dawo daidai a ƙasashen waje amma kuɗin yakan fi kuɗin injin. Shi yasa nake son Akai masu alamar GX irin GX-4000D, hed ɗinsu na gilashi da ferait ne baya cinyewa da wuri.

Akwai ƙananan sukurori a gindin kowane hed, yawanci da ɗigon fenti ja ko kore a kansu. Wlh kar ka taɓa su da sunan ɗaurewa, ba kwancewa suka yi ba, sune suke saita tsayuwar hed ɗin, in ya karkace ko da gashin kai ne siririyar murya ta tafi. Saitinsu sai da tef na gwaji na musamman da mita. Inda kawai ake taɓa sukurun karkata ɗin da kunne shine lokacin kwafe wani tef da aka ɗauka a injin da shi kansa hed ɗinsa a karkace yake, shi ma sai wanda ya iya, kuma ya sa alama ya mayar.

Naji ana maganar cire maganaɗisu daga hed, dole ne?

Yana da kyau amma ba kullum ba. Ƙarafan da tef yake bi suna tara maganaɗisu a hankali, ya ƙara shuuu a sauti kuma ya dinga rage siririyar muryar tef ɗin duk sanda ya wuce, wannan kuma baya dawowa. Akwai ƴar na'ura ta yin hakan. Ka kashe rikodar, ka kwashe duk tef daga kusa, ka kunna na'urar tun daga nesa kamar mita ɗaya, ka matso a hankali ka zagaya gaban hed ba tare da ka goga ba, ka janye a hankali sai kayi nisa sannan ka kashe. Matsalarmu anan in NEPA suka ɗauke wuta tana gaban hed ɗin ka ƙara masa maganaɗisun maimakon cirewa, don haka kayi da inbata ko lokacin da ka tabbata da wutar. Kuma sukundireba mai maganaɗisu a baki kar ya kusanci wajen.

Oga muryar mutum tana fita a hankali da kauri, wani lokacin kuma tana rawa

Wannan tambayar sai an rarrabe ta.

In muryar tayi kauri sosai ko tayi siriri da sauri ninki biyu, gudun ne ba daidai ba. Injinan gida suna da gudu biyu ko uku, inci 1⅞ da 3¾ da 7½ a sakan ɗaya, na gidan rediyo har 15. Ka canza makunnin. Akai 4000D da ƴan uwanta kuma da wani ɗan hannun ƙarfe ake canza gudu, ana zura shi akan kafstan a ɗaure, da shi 7½ babu shi 3¾, kuma shine abinda yafi ɓata a injinan nan, in ka samu naka ka adana.

In kuma kaurin kaɗan ne amma a tsaye yake baya canzawa, duba 50 da 60. Moton yawancinsu da bugun wutar yake tafiya ba da ƙarfinta ba, injin da aka saita wa 60Hz na Amurka in ka sa shi a wutarmu ta 50Hz zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida. Sitef dawun baya gyara wannan, shi ƙarfin wuta kawai yake saukarwa. Na Japan da yawa suna da makunnin 50/60 sannan a ciki fulin moton yana da layi biyu sai ka matsar da bel zuwa na 50, dole ayi duka biyun. Wanda bashi da wannan sai an canza fulin, mai injin gurza ƙarfe a kasuwar Panteka ta Kaduna zai iya yanka maka in ka kai masa awo daidai.

Janareta ma haka, ƙaramin nan in lodi yayi masa yawa ko mai ya kusa ƙarewa bugunsa hawa da sauka yake, muryar ta dinga binsa. Inbata kuma in ba mai tsaftatacciyar wuta bace wato fiyo sayin web, moto zai dinga gurnani yana zafi.

In tana fara daidai sai tayi minti 15 ko 20 ta fara ja da baya moton yayi zafi, toh kafasitar moto ce, Sony irin TC-377 da TC-630 sun saba da wannan. Abin daɗin shine irin aikin kafasitar fankar sama take yi, in ka karanta lambar maikurofarad da ke jikinta ka samu ta fanka mai lamba ɗaya mai ɗaukar 400V ko 450V zata zauna. Lambar ta zama daidai fa, ba kusa da ita ba.

Rawar murya kuwa, rola ce ko bel ko datti a kafstan. Danna farce a robar rolar, in tayi tauri tana sheƙi ko ta tsage ko tayi laushi tana kama hannu ta gama. Itace kuma take sa tef ya dinga hawa sama ko ƙasa yana tattarewa a baki.

In na danna sitof tef ɗin sai ya zubo ƙasa ya harɗe

Birki ne. A ƙarƙashin kowane faifai akwai ɗan bel na ƙarfe ko ƙyallen da ke kama shi, in mai ya taɓa shi ko ƙyallen ya ɓare ko sifirin ya saki sai ɗaya ya tsaya ɗayan yaci gaba. A wanke da sifirit a bushe. Kafin ka gyara, in kana riwain kar ka tsaya kai tsaye a injin mai moto uku, danna gaba tukuna gudun ya ragu sannan sitof. Kuma faifan biyu su zama girmansu ɗaya, kar ka haɗa na inci 7 da na inci 5.

Ina jin mutum biyu suna magana lokaci ɗaya, ɗaya kamar da baya yake yi

Ba aljanu bane kuma injin lafiyarsa ƙalau. Faɗin tef ɗin kwata na inci ne, milimita 6.35, amma ba duka injina suke raba shi iri ɗaya ba. Wasu layi ɗaya suke ɗauka ya cika faɗin, wasu layi biyu, na gida na sitiriyo layi huɗu, 1 da 3 in ana tafiya, in ka juya faifan 4 da 2. Toh in tef ɗin an ɗauke shi a injin layi biyu gaba da baya, irin Uher 4000 Report da ƴan jarida suke ratayawa, ka sa shi a injin layi huɗu, sifikar hagu zata baka gefen farko daidai ta dama kuma ta baka ɗaya gefen a juye. Kashe dama ka saurari hagu kawai. In kuma tef mai layi huɗu ka sa a injin layi biyu babu dabara, sai ka nemo injin da ya dace.

Tef ɗin da ya fito daga hannun tsofaffin ma'aikatan gidan rediyo, kaga Rediyo Kaduna tun 1962 take aiki zamanin Sardauna kuma shekaru da yawa da irin wannan tef ake ɗaukar shirye shirye da tafsiri da waƙoƙin makaɗa kafin kaset da kwamfuta su karɓe, irinsu yawanci layi ɗaya ne ko biyu a gudun 7½ ko 15, kuma sau da yawa a naɗe suke daga ƙarshe sai ka fara riwain kafin ka saurara.

Ƙara take yi ƙyar ƙyar ko fuuu ko babu tef, wani lokacin gefe ɗaya ya ɗauke

Fara da makunnai da bolum, a fesa musu maganin wanke kontak a murɗa sau da yawa. Akwai wani dogon makunni a jikin fanel ɗin ciki da yake motsi in an danna rikod, shi yafi kowa laifi saboda shekaru ba a motsa shi ba. In ƙarar bata tafi ba kuma Akai ce ko wani na Japan, nemi taransisto masu lamba 2SC458, ƙafafunsu baƙi suke yi su dinga tsaki, a canza su duka amma a kula da jerin ƙafafun sabon don ba lallai su zo ɗaya ba. Gurnani mai kauri huuum kuma manyan kafasitocin wuta ne suka bushe.

Na sa wani tef sai kuka yake ƙiii, hed ya cika da baƙin datti har injin ya tsaya

Tsayar da shi yanzu yanzu, duk juyi ɗaya muryar ce kake kankarewa. Wasu tef da aka yi daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980, fitattu sune Ampex 406 da 407 da 456 da 457 da kuma Scotch 226 da 227, gam ɗin da ya riƙe maganin a jikin ledar yana shan danshin iska ya koma danƙo. Ka tuna yadda ɗaki yake a Kaduna cikin watan Agusta, littafi ma laushi yake yi balle tef da ya ga damina 40. Maxell da TDK da yawancin BASF basu cika yin wannan ba.

Maganinsa gashi ne amma ba irin wanda kake tunani ba. Ana sa faifan a zafi mai tsayuwa waje ɗaya tsakanin digiri 50 zuwa 54 na awa 8 ko fiye, a barshi ya huce kwana guda, sannan a kwafe. Na'urar busar da ƴaƴan itace mai mita ko inkubeta ta lab ake amfani da ita. Obin ɗin girki bai yi ba zafinsa tsalle yake, maikurowef kuwa kashe tef ɗin zai yi nan take, shanya a rana ko ajiyewa a cikin mota a watan Afrilu ma a'a, faifan zai lanƙwashe. Inkubetar ƙyanƙyasar ƙwai wajen digiri 38 take tsayawa bata kai ba. Kuma gyaran na ɗan lokaci ne, bayan ƴan makonni danshin zai koma, don haka sai ka shirya kwamfuta da komai kafin ka gasa.

Amma fa ba kowane tef ake gasawa ba. Leda iri biyu ake yin tef da ita, asitet da foliyesta, tsofaffi na shekarun 1950 da 1960 da yawa asitet ne, zafi lalata su yake. Ɗaga faifan ka kalli haske ta gefensa, in haske yana ratsowa asitet ne in duhu ne foliyesta ne. Asitet tsinkewa yake ɗas baya miƙewa, in ya fara lalacewa kuma kana buɗe kwalin zaka ji tsami kamar binega, irin wannan ka ware shi daga sauran ka kwafe shi da wuri. Wanda kuma ka ga farar fumfuna a gefensa kar ka hura da baki kar ka sa a injin, sa takunkumi ka fita waje a share tukuna.

Hajiya ce, faifan tef ɗin walimar aurenmu ne da muryar mahaifina a kai, ya zan mayar da shi waya?

Hajiya Allah ya jiƙan Baba. Na farko kar a fara gwada injin da wannan faifan, a nemo wani da ba a damu da shi ba a gwada fule da riwain da sitof har a tabbata baya cin tef. Na biyu, irin wannan tef ɗin bashi da ɗan kunnen da ake ɓallewa a kaset don hana gogewa, duk wanda ya danna jan maɓallin nan ya goge, a liƙe shi da selotef kafin yara su zo kallo.

Kar a kara waya a bakin sifika. A bayan injin akwai ramin layin fita, a jawo waya daga nan zuwa ƙaramin sawun kad na USB a sa a kwamfuta, manhajar Audacity kyauta ce. A ɗauka a WAV, 48kHz ko 96kHz bit 24, a ajiye wannan a waje biyu, daga shi sai a yi MP3 ɗin da za a tura wa dangi a WhatsApp. A ɗauka gaba ɗaya kar a tsaya gyare gyare, kuma a juya faifan a duba ɗaya gefen, sau da yawa akwai abu a can da kowa ya manta. Faifan inci 7 mai tef tsawon ƙafa 1200 minti 32 ne kowane gefe a gudun 7½, mai ƙafa 1800 minti 48, a 3¾ kuma ninki biyu, kin ga sai a ware masa yini. Bayan an kwafe ma kar a yar da faifan.

Tef ya tsinke, in haɗa da selotef?

A'a, gam ɗinsa yana tsatsowa ya manne zagayen da ke kusa. Akwai tef na haɗi na musamman, a yanka bakin biyu a karkace da reza mara maganaɗisu a liƙa ta baya. Tsofaffin haɗi ma suna sakewa lokacin riwain, shi yasa tsohon faifai a hankali ake juya shi.

Har yanzu ana yin sabon tef kuwa? Kayan gyara fa?

Ana yi. Akwai Recording The Masters a Faransa masu SM911 da LPR35, akwai ATR Magnetics a Amurka, sai dai oda za kayi kuma da tsada in ka juya kuɗin zuwa naira. Ga injin gida LPR35 yafi dacewa saboda bai kai kaurin na situdiyo ba. In kana son ɗauka ta fito yadda ya kamata sai an saita bayas ɗin injin, wato wata siginar da yake haɗawa da murya lokacin ɗauka, akan tef ɗin da zaka dinga amfani da shi, amma in saurare kawai zaka yi bayas ba ruwansa.

Kafasita da taransisto da fis da maganin kontak zaka samu wajen masu kayan lantarki a Kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna, aikin ƙarfe Panteka. Bel da rola na ainihi yawanci sai oda ta intanet da lambar injin, littafin gyaransa ma ka nema da lambar zaka samu na yawancinsu. In ka ci karo da matacciya irin taka a wajen ƴan gwangwan ko masu kayan gwanjo ka saya ko don hed da moto da makunnai, kar ka bari a fasa ta don jan ƙarfe. Mai gyara kuma ka nemi dattijon da yayi zamanin rediyo mai kaset, shi ya san bel da sifirin, kuma ka ce masa kar ya taɓa sukurorin hed.

Ya zan ajiye su kar su sake lalacewa?

Faifai a tsaye cikin kwalinsa ba a kwance an jibga ba, nesa da sifika da taransifoma saboda maganaɗisu, nesa da bango mai jiƙa da ƙasan ɗaki, kuma banda saman silin inda kwano yake dafa komai. Ɗakin da yafi sanyi a gidan, a cikin leda mai zif da ƴan ƙullin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi, amma a sa ledar lokacin rani da iska take a bushe, in ka rufe a damina danshin ka kulle a ciki. Ka bar tef ɗin yadda ya naɗu bayan ka gama saurare ba bayan riwain mai gudu ba, naɗin fule yafi laushi da daidaito kuma yana rage amon nan da ake ji kafin magana ta fara.

Injin kuma a rufe shi da zani lokacin hunturu, kar a barshi a kan fule in an kashe don rola zata lotsa a waje ɗaya, a zare filogi in an gama saboda wutar da ake kawowa da ƙarfi, a sa sitabilaiza in akwai. A kunna shi ko sau ɗaya a wata ya juya na rabin awa, a wanke hed bayan kamar awa 10 na aiki, in tsofaffin tef kake sawa kuma bayan kowane faifai.